Taku Biyar Daga Bakin Gaɓa

Kontagora,
6 ga Afrilu.

Baba,

Ina gaishe ku da sunan Ubangiji, da fatan wasiƙar nan ta iske ku lafiya a gindin mangwaron ƙofar gida. Yaya ƙafar da ke damunku? Yaya zafi, yaya mutanen Sahon Rami? Mu nan muna lafiya. Jikarku Mercy ta zo hutu, tana gaishe ku. Na kira ku a waya sau biyu, kuna ta cewa wa ke magana, ni kuma ina ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Wannan ba maganar da za a yi da ihu ba ce, shi ya sa na ɗauki biro. Ku yi haƙuri da rubutuna, kun san inda karatuna ya tsaya.

Ran Talata wani mutum ya zo daga Tungan Marke, ƙauyen da aka binne Baban Mercy. Malam Musaddiq, dattijon ƙauyen, shi ya aiko shi. Ya ce daminar bara ta ci gaɓar kwazazzabon da ke kusa da kabarin sosai. Ranar da aka binne shi, tsakanin kabarin da bakin gaɓa taku talatin ne. Yanzu saura taku biyar. In ruwan bana ya sauka ba mu je ba, kabarin zai bi ruwa.

Tun da mutumin ya tafi ban iya zama wuri ɗaya ba. Na share tsakar gida sau uku. Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Sai in fita ƙofar gida in auna taku biyar daga bakin kwata, in tsaya in duba. Baba, taku biyar ba komai ba ne.

Ba ku taɓa zuwa wurin ba, bari in kwatanta muku. In an bar kwalta bayan Beri, sai a yi arewa cikin daji har a iso wani kwazazzabo da mutanen wurin ke kira Maƙogwaro. Gaɓarsa biyu jajaye ne, tsayinsu ya ninka rufin cocinmu, ƙasansa kuma yashi ne zalla. Babu itace, babu inuwa. Wani wurin in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bango. Da rani shi ne hanyar mota zuwa Tungan Marke, tafiyar awa uku in ba a kafe ba. Da damina kuwa kogi ne, sai dai a zaga ta kan duwatsu da ƙafa, a hau kwalekwale, kwana biyu.

Direbobin tasha ba sa shiga. Mijina Andarawus kaɗai ke shiga da tsohuwar a-kori-kurarsa, shekara goma sha ɗaya, ya kai musu gishiri da taki, ya fito da dawa da ’ya’yan kaɗe. Na bi shi sau da yawa lokacin da nake sarin kaɗe. Yana da dokokinsa. Da asuba yake shiga, tun yashi na da sanyi. A bakin kwazazzabon yakan tsaya ya rage iskar tayoyin har su yi taushi kamar za su kwanta. Ba ya taka birki a cikin yashi. A bayan motar kullum akwai falankai shida da suka yi baƙi don tsufa, da shebur, da famfon hannu. Kuma ba ya duban saman kansa, arewa yake duba, don ruwan da ke cin mutum a Maƙogwaro can nesa yake sauka, kai kana cikin rana. Sau biyu ya ba ni sitiyari a ciki, yana dariya yana cewa, “Fure, kada ki yi kokawa da ita, bar ta ta yi rawarta.”

Kun san maciji ne ya sare shi yana lodin buhuna, kuma ranar ruwa ya rufe hanya. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa aka binne shi a bakin gaɓa. Mutanen ƙauyen Musulmi ne. Sun ce ba su san yadda muke yi wa namu ba, kuma sun ɗauka da ruwa ya janye za mu zo mu ɗauke shi. Sai suka kwantar da shi daidai inda motarsa take fitowa, don kada mu sha wahalar ɗauka. Alheri suka yi mana. Mu ne ba mu je ba.

Ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Tun Disamba hanya a buɗe take. Mutanen nan da kansu suka ɗaura wa motar shanun huɗa suka jawo ta kwana biyu har bakin kwalta. Da na so, da na hau babur na je na ga kabarin. Kullum sai in sami dalili, yau Mercy ba ta da lafiya, gobe kasuwa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muddin ban ga tudun ƙasar ba, ina iya gaya wa kaina ruwa ne ya tare shi a can, kamar yadda ya taɓa tare shi wata shekara.

Na tambayi ɗan saƙon me ya hana su matsar da shi. Ya ce Malam ya ce ba za su buɗe kabarin mutum ba sai nasa na tsaye.

Gobe zan je Beri wurin surukata, Mama Magdalena. Ku sa mu a addu’a. Ku gai da su Inna da duk mutan gida.

’Yarku,
Fure.


Kontagora,
17 ga Afrilu.

Baba,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Direban motar kasuwa ya kawo mini amsarku da ƙullin daddawa, na gode, Allah ya ƙara girma. Kun ce in bi abin da dangin mijina suka yanke. Ina bi, Baba, amma kwana goma sha ɗaya ke nan muna nan.

Da na je Beri na ce wa Mama mu tafi washegari da tabarma da farin yadi, mu ɗauko shi. Ta dube ni ta ce, “Ɗana ba buhun dawa ba ne. An binne shi sau ɗaya kamar baƙo. Wannan karon a cikin akwati zai shigo gidan ubansa.” Na janye maganata. Ita ma uwa ce, ba ta ga gawarsa ba.

Aka ba Baba Samuel kafinta aikin akwatin. Ya ce Andarawus ya sha ɗauko masa katako daga daji, don haka ba zai yi masa na allo mai arha ba, na maɗaci zai yi. Kwana biyar yana fere shi. Aka yi fenti, aka ce sai ya bushe. Motar ma tana wurin makaniki, sai ran Litinin ta tashi. Da komai ya kammala, Fasto ya ce mun shiga makon Ista, ba a fita irin wannan tafiya, a bari sai Talata mai zuwa.

Joshua ne zai tuƙa, ƙanen Baban Mercy, wanda ke jan bas tsakanin nan da Minna. Yaron kirki ne, kuma mutuwar nan ta taɓa shi fiye da yadda yake nunawa. Sai dai duk tuƙinsa a kan kwalta ne. Jiya ya kai motar wurin mai faci aka cika tayoyin tam, ya zo yana buga su da ƙafa yana jin daɗi. Na ce masa ai a bakin Maƙogwaro rage su za mu yi. Ya yi dariya ya ce, “Matar yaya, akwatin maɗaci a kan taya marar iska? Shekarata tara a kan sitiyari, ko akuya ban taɓa gogewa ba. Ke dai ki zauna ki nuna mini hanya.” Wace ce ni da zan koya wa direba tuƙi a gaban mutane.

Zumuntar Mata ta cocinmu ma sun zo, shugabarsu Cecilia a gaba. Suka wanke motar ciki da waje, suka ɗaura mata ƙyallaye farare da shunayya, suka manna hotonsa a gilashin gaba. An sa akwatin a baya an rufe da farin leshi. Motar ta yi kyau har ban gane ta ba. Ƙamshin sabulu take yi. Da na buɗe ƙofa ban ji warin man kaɗe da gumin nan nasa ba, sai na koma ɗaki na yi kukana. Sun ɗauka godiya ce ta sa ni kuka, na bar su a haka.

Kowa yana yi masa abin girma, Baba, ba wanda ke duban sama sai ni. Shekaranjiya da yamma iska ta juya, ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Masu zuwa daga kudu sun ce an yi ruwa a wajensu har sau biyu. In na ji an jawo kujera a maƙwabta sai gabana ya faɗi, in ɗauka tsawa ce. Mercy ta ce, “Mama, kin fita tsakar gida sau goma sha huɗu tun safe, na ƙirga.”

Ku roƙa mana Allah ya riƙe ruwan nan kwana shida kawai. Na san manoma na roƙon akasin haka, har da ku. Ku yafe mini wannan karon.

Ina gaida kowa da kowa.

’Yarku,
Fure.


Beri,
Talata, 22 ga Afrilu.

Baba,

Ina kwananku, ina fatan kun yi Ista lafiya. A kan gwiwata nake rubuta wannan, cikin mota, zan ba mai zuwa wajenku.

Na ce mu tashi ƙarfe huɗu na asuba. Yanzu tara da rabi ta wuce. An ce ba za mu fita ba sai an yi mana addu’ar rakiya. An yi waƙa, dattawa uku sun yi jawabi, yanzu kuma an kawo shinkafa, wai ba a barin gida da yunwa. Yashi yana can yana ɗaukar zafi. Mama ta riƙe hannun Joshua ta sa shi ya yi mata alkawari zai kawo mata ɗanta gobe kafin rana ta faɗi.

Baba Samuel zai bi mu da gudumarsa, don shi zai buga murfin. Mercy tana wurin Cecilia.

Ga Joshua nan ya fito yana wanke hannu. Ku huta lafiya.

Fure.


Tungan Marke,
Jumma’a, 25 ga Afrilu.

Baba,

Ina gaishe ku da sunan Ubangiji wanda ya tsare mu. Yaya jikinku, yaya su Inna? Ina fatan ruwan ya iso muku, kun fara shirin shuka. Mu uku muna da rai da lafiya. Na fara da wannan don kada hankalinku ya tashi da ganin daga inda nake rubutu. Zan faɗa muku komai bi da bi, don akwai aikin da zan roƙe ku a ƙarshe.

Rana tana tsaka muka shiga Maƙogwaro. Na sake yi wa Joshua maganar tayoyi, ya ce in bari mu gani. Farkon hanyar tsakuwa ce, motar na gudu lafiya, har yana juyowa yana cewa, “Ina yashin da ake ba mu tsoro da shi?” Da muka iso fili na farko mai zurfin yashi, ya hango kwana a gaba, ya taka birki kamar yadda ya saba. Nan take ta nutse. Ya taka totur, ta ƙara haƙa. Ya sake takawa har cikinta ya zauna a kan yashi, warin kuloci ya cika mana hanci.

Na ce ba komai, a sauko da falankai. Na hau baya na ɗaga leshin. Akwati ne kawai da ƙarfen mota, fes. Babu falanki, babu shebur, babu famfo. Joshua ya sunkuyar da kai ya ce ranar wanki mata sun ce ba za a haɗa akwati da tarkace ba. Shebur da famfo suna ɗakin ajiya a Kontagora. Falankan kuwa an kai su Beri an faskara. Da su aka dafa shinkafar da muka ci da safe.

Na zauna a kan yashi, ya ƙona ni, ban ma tashi ba. Baba, zafin wurin nan kamar an kife mutum da tukunya. Muka haƙa da hannu da farantin abinci, muna haƙawa yashi na komawa. Duwatsun gaɓar ba duwatsu ba ne, jar ƙasa ce, ka sa a ƙarƙashin taya ta zama gari. Joshua ya ce mu koma da ƙafa, mu nemo mutane da kayan aiki, mu dawo ran Alhamis. Na dubi arewa ta tsakanin gaɓa biyu. Gajimare ya fara taruwa, fari ne tukuna, amma yana da tsayi.

Na roƙi Baba Samuel ƙusa guda. Na durƙusa na danna bakin tayar farko, iska ta fara fita. Joshua ya ce, “Babu famfo fa, matar yaya. Da me za mu hau kwalta?” Na ce masa mu fara isa tukuna. Na rage duka huɗun da ido, yadda na ga ana yi. Duk da haka sai an sa wani abu mai ƙarfi a ƙarƙashinsu. Na tsaya ina duban bayan motar. Baba Samuel ya ga inda idona yake.

Joshua ma ya gani. Ya tare bayan motar da jikinsa ya ce, “Sai dai ki fara ta kaina. Me zan gaya wa Mama?” Na ce masa, “Joshua, in akwatin nan bai isa wurinsa ba, na wa ne?” Baba Samuel ya ciro gudumarsa ya ce, “Ni na haɗa shi, ni zan kwance shi. Matsa, direba.” Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu, bai fasa ko allo guda ba. Allo shida dogaye suka fito.

Muka haƙa gaban tayoyin muka cusa allunan. Joshua ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, ya ce shi ya fi ni ƙarfin turi. Na shiga na taka kuloci. Na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, na saki a hankali. Na ji ƙarar fenti na tsagewa a ƙarƙashina, sannan ta hau.

Daga nan ban san yadda zan kwatanta muku ba. In tayoyi suka yi taushi motar ba ta tafiya kai tsaye, lilo take yi, bayanta na son wuce gabanta. Hannuna na son riƙe ta da ƙarfi, ina hana shi. Kwana ta zo, ƙafata ta tafi wajen birki da kanta, na janye ta. Su biyun suna baya a tsaye, suna riƙe da alluna. Sau huɗu muka sake kafewa, su sauka su shimfiɗa, in wuce, su kwaso a guje su hau tana tafiya, don ba na iya tsayawa in jira su. Baba Samuel da furfurarsa yana haki yana cewa, “Shekara talatin ina yin akwati, duk kwanciya suke yi. Wannan ne kaɗai ya yi aikin yini.” Har Joshua sai da ya yi dariya, sannan ya share ido. A wurin da ya fi ƙunci bango ya cire mana madubin hagu. Allo uku suka karye, muka bar su a can.

Wajen ƙarfe biyar muka iso hawan ƙarshe. Na taka totur ta haura, sai ga shi a hannun dama, kusa da taya, tudun ƙasa an kewaye shi da duwatsu. A nan na taka birki. Na sauka na auna da ƙafata. Taku huɗu na samu. Bayansa ƙasa ta tsage, ana sa hannu a ciki.

Malam Musaddiq ya sauke su Joshua, ni kuma matarsa Jawahir ta kai ni ɗakinta. A zaurensu Baban Mercy ya cika. Na tambaye ta ko ya bar mini saƙo. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, bai bar komai ba, don bai ɗauka mutuwa zai yi ba. Maganarsa ta ƙarshe da ita, cewa ya yi ta ajiye masa tuwonsa, in zafin ya sauka zai ci. Shekara guda ina tsara kalmomin da nake zaton ya faɗa. Wannan ta fi su kama da shi.

Ran Laraba da safe aka buɗe. Malam da mutanensa suka haƙa, da suka kusa sai suka ja da baya suka bar wa Joshua da Baba Samuel. Baba, sun yi masa da kyau. Sun jera itace a samansa sun liƙe da laka, ƙasa ba ta taɓa fuskarsa ba. Da kayansa suka naɗe shi cikin farin yadi. Na ga rigar nan mai shuɗin zane da na yi wa faci a gwiwar hannu. Ban faɗi ƙasa ba. Jawahir ta kawo sabon yadi, na ƙara da zanena na Zumunta, aka naɗe shi aka kwantar a inuwar zana.

Ƙarfe ɗaya Joshua ya ce mu ɗora shi mu tafi. Na dubi arewa. Ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa, a kanmu kuwa rana ce tas. Aka tambayi Malam, ya ce Allah ne masani, wani lokaci hadari ya haɗu haka ya watse, wani lokaci kafin la’asar ya iso. Makullin yana ƙulle a bakin zanena. Na ce ba za mu shiga ba.

Joshua ya roƙe ni. Ya ce yanzu na san hanya, tayoyi sun yi taushi, awa uku ta ishe mu. Ya ce ya yi wa uwarsa alkawari hannunta cikin nasa. Ya durƙusa a gaban mutane, ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba tun da na shigo gidansu. Na ce masa jiya awa biyar muka yi da allo shida, yau uku suka rage. Na ce ban ciro shi daga bakin ruwa don in kai shi tsakiyarsa ba, kuma Mama ’ya’ya biyu maza ta haifa. Ya tashi ya koma bakin gaɓa ya zauna, yana duban agogonsa.

Huɗu da rabi muka fara jin ƙara kamar manyan motoci da yawa suna tahowa. Iska mai sanyi ta fito daga kwazazzabon. Sai ga kumfa mai datti da karare a gaba, iyakar idon sawu, yana gudu a kan sawun tayoyinmu. Kafin a ɗebo ruwa a randa ya kai tsayin mutum. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Joshua ya zo ya nuna mini agogon ya ce, “Awa uku da rabi. Da mun fita.” Tun daga nan bai sake yi mini magana ba.

Ban sani ba, Baba. Wataƙila da mun fita. Ina ta lissafawa, in ɗebe minti goma a nan, in ƙara kafewa ɗaya a can. Wani lokaci lissafin ya fitar da mu bakin tsakuwa, wani lokaci ya bar mu a wurin da madubi ya cire. Ko yanzu da nake rubutu ina yi.

Malam ya ce Maƙogwaro ya rufe ke nan sai wani rani. Joshua ya gaya wa Baba Samuel a ɗauke shi a ka ta kan duwatsu. Na ƙi. Jikin da ya yi shekara a ƙasa ba kayan da za a yi ta saukewa ana ɗorawa kwana biyu ba ne, ga kwalekwale. Malam ya ba mu wuri a kan tudu, gefen gonarsa, gindin wata kaɗanya, inda ƙasa ke da dutse. Jiya Alhamis da safe muka kwantar da shi. Baba Samuel ya wanke allo ukun da suka rage ya jera su a samansa, da sawun taya a jikinsu. Joshua ya yi addu’a. Mutanen ƙauyen suka tsaya a bayanmu shiru har muka gama, sannan suka karɓi fatanya suka taya mu rufewa.

Da azahar aka yi ruwa a nan ma, mai ƙarfi. Ina zaune da Jawahir muna tsince wake muka ji kamar katanga ta faɗi. Da aka ɗauke muka je. Ramin da muka ciro shi babu shi, duwatsun da aka kewaye shi da su ma babu. Bakin gaɓa yanzu yana inda na tsayar da mota ran Talata. Allah ya sa an riga an tura ta cikin gari, an rufe ta da zana. A can za ta yi damina.

Gobe za mu kama hanyar duwatsu, a hankali saboda ƙafar Baba Samuel. Wani mai zuwa kasuwar Bangi zai tashi yau, shi zai fitar da wannan wasiƙa, za ta riga mu isa.

Ga roƙona. Ku daure ku je Beri da kanku, kada Mama ta ji a bakin ’yan hanya, kada kuma a bar Joshua ya shiga gidan da wannan nauyi shi kaɗai. Baba Samuel ya gaya mini tun ran Talata aka haƙa kabari kusa da na mahaifinsu, yana buɗe yana jira. Ku sa a rufe shi kafin mu iso. Ku gaya mata ɗanta yana kan tudu, wuri mai kyau, ruwa ba zai kai gare shi ba, kuma da rani ni da kaina zan kai ta in ta yarda ta shiga mota da ni. Ku gaya mata Joshua ya yi iyakar ƙoƙarinsa har da durƙuso. In ta tambaya me ya hana a kawo mata shi, kada ku ce ruwa ne, don ban tabbata ba. Ku ce ni ce.

Ku gai da su Inna. Ku aika wa Mercy cewa ina tafe. Allah ya bar mana ku.

’Yarku,
Fure.